Tantance Sakamakon Kwaikwayon Hanyar Sadarwa ta Kwamfuta

Kafin injiniya ya shimfiɗa wayoyi ya haɗa kwamfutoci masu yawa, ko ya sauya ƙa'idar da saƙonni ke bi a tsakaninsu, al'adar ma'abota wannan fanni ita ce ya fara gina surar hanyar a cikin kwamfuta guda, da manhaja irin ns-3 ko OMNeT++, ya saki saƙonnin gwaji a cikinta, sa'an nan ya dubi abin da ya wakana. Abin da manhajar ke miƙo masa kuwa dogon daftari ne, kowace saɗara tana faɗin sa'ar da ƙunshin bayani ya shiga layin jira, da sa'ar da ya fita, da ko ya isa ko ya salwanta. Daga nan ake fitar da lissafin jinkiri, da abin da hanyar ke ɗauka a daƙiƙa, da adadin abin da ya zube.

To, a nan fa gaggawa ke ka da mutum. Manhajar tana jefa saƙonni ne bisa ƙuri'a, ƙuri'ar kuma tana tasowa daga wata lamba da mai gwajin ya zaɓa, wadda in ya sauya ta sakamako ya sauya. Ashe ke nan gwaji guda tamkar shaidar mutum ɗaya ce a gaban alƙali, ba a gina hukunci a kanta sai an sami masu ƙarfafa ta. Saboda haka ake maimaitawa da lambobi dabam-dabam, a watsar da daƙiƙun farko, lokacin da layukan jira ke wayam, sannan a faɗi matsakaici tare da iyakar da yake kai-komo a cikinta. Shi kansa matsakaicin ba abin sakankancewa ba ne, domin ƴan ƙunshin da suka makara ƙwarai su ne ke tsinka muryar mai kira, alhali lissafi yana cewa lafiya lau.

Akwai illar da maimaitawa ba ta magance ta. An daɗe ana ƙaddara cewa saƙonnin kwamfuta suna zuwa jefi-jefi kamar kiran tarho, har a 1993 Leland da abokan aikinsa na Bellcore a Amurka suka bayyana sakamakon awon da suka yi wa hanyar gaske, inda suka tarar suna zuwa ne a dunƙule, tuli bayan tuli, ko an dubi daƙiƙa ko an dubi sa'a; Paxson da Floyd suka ƙarfafa wannan hujja a 1995. Duk kwaikwayon da aka ɗora bisa tsohon zato yakan nuna layin jira gajere, alhali a zahiri ma'ajiyar na'urar ta cika tana zubar da saƙonni.