Sharar Kasuwanninmu Na Iya Zama Wutar Lantarki A Duwala

Duk wanda ya kwana a unguwar Hausawa ta New Bell ya san abu biyu: tulin shara a bakin kasuwa, da kukan janareta da zarar an ɗauke wuta. Tela ya tsaya, mai ƙanƙara ya yi asara, ribar yini ta tafi a fetur. Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, sharar nan tana iya maganin duhun nan.

Ɓawon ayaba da ruɓaɓɓen tumatir da ake kwashewa daga kasuwannin Nkoulouloun da Congo, in an binne su a juji, sai su ruɓe su riƙa fitar da iska. Kusan rabinta methane ce, wadda ke kama wuta kamar gas ɗin girki. Akan kafa bututu cikin jujin a zuƙo ta, a tace, a tura wa inji, shi kuma ya ba da lantarki.

Kamfanin Hysacam, wanda aka kafa a 1969 don kwashe shara, ya buɗe tashar kama wannan iska a jujin Nkolfoulou kusa da Yawunde a 2011, sannan ta jujin PK10 a nan Duwala a 2014. Sai dai an gina su ne don ƙone iskar, saboda in ta tsere sama tana ƙara ɗumamar yanayi. Wato an tatso nono, ba a kai ga dama fura ba.

A birnin Durban na Afirka ta Kudu kuwa, hukuma ta ƙarasa aikin, inda ta kafa injin megawat 1 a jujin Mariannhill. Irin wannan ba zai haska gari duka ba, amma zai riƙe shaguna masu yawa.

To, 'yan'uwa fatake na Kuseri da Kye-Ossi da Garwa-Bulai, mu ma da namu aikin. Leda da roba ba sa ruɓewa, ba sa ba da gas, sai toshe magudanar ruwa da damina. Mu ware su daga ɓawon kaya. Shugabannin kasuwa kuma, in sun zauna da magadan gari, su tambaye su: ina iskar jujinmu take zuwa?

Allah Ya sa mu dace.