Harajin Tashar Kumbo

Kowa a cikinmu ya san tashar mota, wasu kuma sun ga filin jirgin sama a Kano. Akwai wata irin tasha ta uku, ita ce tashar kumbo. Kumbo jirgi ne mai wuce gizagizai, ya kai can inda iska ta ƙare. A da gwamnatoci kaɗai ke harba shi. Yanzu attajirai sun shiga sha'anin, suna ɗaukar fasinja don kuɗi.

A ƙasar Amurka akwai wata jiha, sunanta Niyu Meksiko. Hamada ta yi yawa a cikinta, kuma tana cikin jihohi masu ƙarancin arziki a ƙasar. A shekarar 2005 gwamnanta, Bill Richardson, ya shirya da wani attajirin Ingila, Richard Branson, mai kamfanin Virgin Galactic. Jiha za ta gina tasha, attajiri ya kawo kumbunansa ya zauna haya. An zaɓi wani fili a hamada inda babu mutane, sama garau take yawancin shekara, kuma jiragen fasinja ba sa ratsawa, don yana maƙwabtaka da filin gwajin makaman soja.

To, ina kuɗin gini zai fito? Aikin ya ci fiye da dala miliyan 200. Baitulmalin jiha ya ɗauki wajen kashi biyu cikin uku. Sauran aka ce gundumomin da ke kusa su biya, tun da su ake tsammani za su fara cin moriya.

Ga yadda harajin yake. Ba a bin gida gida a karɓa. A kan ciniki ake ɗora shi. In mutum ya sayi riga ko takalmi, ko ya kai motarsa gyara, cikin kowace dala 100 sai a ƙara masa rubu'in dala ɗaya. Ɗan kaɗan ne, mai saye ba ya ko ji. Amma mutum dubu ɗari suna ciniki kullum, ɗan kaɗan ɗin sai ya taru ya zama tsibi. Da alkawarin wannan haraji aka ciwo bashi aka yi gini, ana biya a hankali shekara da shekaru. Kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka tara aka keɓe wa makarantun gundumomin, don koyar da lissafi da kimiyya.

Dokarsu ta ce ba za a ɗora harajin ba sai mutanen gunduma sun jefa ƙuri'a. Aka yi ta gardama. Masu so suka ce tasha za ta kawo dubban ayyuka, baƙi su cika masaukai, samari su daina tafiya ci-rani wasu jihohi. Masu ƙi suka ce, yaya talaka zai biya haraji don attajiri ya tafi yawon buɗe ido a sama? Maganarsu tana da ƙarfi, gama kuɗin kujera ɗaya a lokacin dala 200,000 ne.

Gundumar Dona Ana ta yi ƙuri'a a watan Afrilu 2007. Masu so suka ci, amma da kyar: ratar ba ta kai ƙuri'a 300 ba. Ku lura da wannan. Da mutum 150 sun sake ra'ayi ran nan, da labarin ya sake. Gundumar Siyara, inda filin yake, ta yarda a 2008. Gundumar Otero kuwa ta ƙi. Dona Ana ta fi jama'a da ciniki, saboda haka mafi yawan harajin daga aljihun mutanenta yake fita, ko da yake ba a ƙasarsu aka yi ginin ba.

Aka buɗe hanyar saukar jirgi a 2010, babban gini kuma a 2011. Tasha ta tsaya, sai dai babu kumbo. Kamfanin bai gama ƙera shi ba. A watan Oktoba 2014 ana gwada shi a jihar Kalifoniya ya tarwatse a sama, matuƙi ɗaya ya rasu, ɗaya ya ji ciwo. Aka koma baya. Kamfanin ya fara biyan haya tun 2013, amma abin da tashar ke samu bai ishe ta ba, har majalisar jiha ta riƙa ƙara mata kuɗin gudanarwa.

A nan ne wuyar al'amarin take. Haraji ba ya jira. Ranar da doka ta fara aiki, ranar ake fara biya, ko kumbo ya tashi ko bai tashi ba. Amfanin da aka yi alkawari kuwa yana hannun ɗan kasuwa guda. Kamar gari ne ya gina babbar rumfa don fatake ɗaya: in ayarinsa ya makara, masu bin bashi ba za su ce su ma sai ayari ya iso ba. A ganina, nan ne shugabannin jihar suka yi sakaci, da suka rataya yawancin begensu a kan ɗan haya ɗaya.

Sai a 2021 kumbo ya tashi daga tashar ya kai mutane can inda iska ta ƙare. Ran 11 ga Yuli Branson da kansa ya hau. Babban jirgi ne ke ɗaukar kumbon ya kai shi sama, sa'an nan ya sake shi, wutarsa ta kama, ya wuce mil 50. Mutanen ciki su yi 'yan mintoci suna shawagi ba nauyi, sai a sauko. Shekara 14 ke nan bayan ƙuri'ar Dona Ana.

Ba a ce babu abin da aka samu ba. Makarantu sun karɓi rabonsu. Wasu ƙananan kamfanoni sun kama haya suna gwajin roka, kuma daga 2017 ɗalibai daga ƙasashe da yawa sun yi shekaru suna zuwa gasar harba roka a filin. Kamfanin ya fara ɗaukar masu biya a watan Yuni 2023, kuɗin kujera ya kai dala 450,000. A watan Yuni 2024 ya ajiye wannan kumbon, ya ce zai ƙera sababbi. Mutanen Dona Ana da Siyara suka ci gaba da biyan rubu'in dalarsu.