Bitar Kwanakin Ƙarshe: Ɗaliban Ƙasar Gumel da Wasan Shakespeare

Da zarar watan Afrilu ya kama, zafi ya tsananta a ƙasar Gumel, hankalin ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare yakan koma ga jarrabawar Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, watau WAEC, wadda aka kafa a 1952. Daga Gumel zuwa Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, masu ɗaukar darasin adabin Ingilishi suna da wani nauyi na daban, shi ne wasan kwaikwayon William Shakespeare. Mai burin karanta aikin lauya ko Ingilishi a jami'a ba shi da makawa sai ya ci wannan darasi da kyakkyawan sakamako.

Littafin da hukumar ta ajiye daga 2026 zuwa 2030 shi ne Antony and Cleopatra, wasa mai ƙarshen baƙin ciki wanda aka rubuta wajen 1606, aka fara buga shi a 1623. Kafinsa an yi Othello daga 2016 zuwa 2020, sa'an nan A Midsummer Night's Dream daga 2021 zuwa 2025. Saboda haka tsofaffin takardun tambayoyi da ɗalibi ya gada daga yayyensa za su nuna masa siffar tambaya ne kurum, amsoshinsu kuwa na wasu littattafai ne.

A tsarin hukumar, takarda ta farko tana da tambayoyi 50 na zaɓen amsa, 20 daga ciki a kan littafin Shakespeare. Akan tsakuro 'yan layuka daga wasan, a tambayi wanda ya yi maganar, da wanda aka yi wa, da wurin da aka yi ta, da abin da ya jawo ta. Nan ne ƙananan littattafan taƙaitawa suke yaudarar yara, domin suna ba da labari, amma ba sa sabar wa kunne da muryar kowane ɗan wasa.

Labarin dai tarihi ne da Shakespeare ya ɗauko daga rubutun Plutarch, wanda Thomas North ya fassara a 1579. Mutum uku ke riƙe da daular Rum: Antony, da Octavius Caesar, da Lepidus. Antony ya tare a Iskandariya wurin Cleopatra, sarauniyar Masar, har sai da mutuwar matarsa Fulvia da barazanar Pompey suka tilasta masa komawa Rum. Don a ɗinke ɓaraka ya auri Octavia, 'yar'uwar Caesar, amma bai jima ba ya sake komawa Masar. A yaƙin Actium, shekara 31 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ƙi shawarar mayaƙansa ya zaɓi faɗa a kan teku. Jiragen Cleopatra suka juya, shi ma ya bi ta. Amininsa Enobarbus ya koma wajen Caesar, da Antony ya aika masa da dukiyarsa sai nadama ta kashe shi. Labarin ƙarya na mutuwar Cleopatra ya sa Antony ya soki kansa. Ita kuma, gudun kada a zagaya da ita titunan Rum a matsayin ganima, ta sa aka kawo mata maciji cikin kwandon ɓaure.

Wajibi ne ɗalibi ya kiyayi sunayen da ke rikitarwa. Octavius daban, Octavia daban. Caesar na wannan wasa magajin Julius Caesar ne, wanda aka riga aka kashe tun kafin a buɗe labule. Eros baran Antony ne, Iras kuwa baiwar Cleopatra ce tare da Charmian.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma da babu gara ba daɗi. Wanda kwana goma suka rage masa zai iya ba kowane kashi na wasan kwana biyu, tunda kashi biyar ne. Ya kamata ya rubuta sunayen 'yan wasa gida uku, na Rum da na Masar da na Pompey, kuma a kan kowace fitowa ya rubuta inda ta faru. Ɗalibai huɗu ko biyar da suka raba sunaye a tsakaninsu suka karanta da ƙarfi a inuwar darbejiya sun fi mai haddar taƙaitawa shi kaɗai riba.

Shakespeare ba baƙo ba ne ga Hausa, domin tun 1971 marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara Twelfth Night da sunan Daren Sha Biyu. Ba laifi ba ne malami ya warware labarin da Hausa, muddin zai mayar da yara ga Ingilishin littafin.

Iyaye ma suna da nasu rabo. Lokacin ya zo daidai da sharar gona, ga kuma kasuwar Maigatari kowace Alhamis. Sauƙaƙa wa ɗalibi aike na 'yan makonni, da tanadar masa fitila da littafinsa na kansa, ya fi araha bisa biyan kuɗin sake jarrabawa baɗi.