Wasannin Da Ba Sa Manta Abin Da Ka Aikata

A ƙarshen wasan Fallout, wanda kamfanin Interplay na Kalifoniya ya fitar a 1997, za ka tsinci kanka gaban wata halitta da ake kira Master, wadda ta ƙudiri aniyar mayar da duk wanda ya tsira daga yaƙin nukiliya wani sabon jinsi na ƙarti majiya ƙarfi. Kana iya buɗe mata wuta, kamar yadda aka saba a wasannin kwamfuta. Kana iya sulalewa ƙarƙashin ginin ka tayar da bam. Amma idan jarumin naka mai iya baki ne, kuma tun a baya ka yi haƙurin nemo wani rahoton bincike, sai ka ajiye wa Master hujjar cewa jinsin da take ƙerawa ba ya haihuwa, don haka duk shirin nata ba zai wuce zuriya ɗaya ba. Za ta saurara, ta gamsu, ta hallaka kanta, ba tare da ka harba ko harsashi ɗaya ba. A wannan wasan dai, idan ka ƙirƙiri jarumi mai ƙarancin basira, sai duk maganganunsa su koma gurnani da kame-kame, mutanen gari kuma su riƙa yi masa magana kamar ƙaramin yaro.

Wannan shi ne ruhin wasannin RPG, wato na shiga rigar jarumi, na ƙasashen Yamma: kai ke ƙera mutumin, kai ke yanke masa hukunci, duniyar wasan kuma ta riƙe abin da ka yi ta dawo maka da shi, wani lokaci bayan ka manta. Na Japan, irin su Dragon Quest da Final Fantasy, sun fi ba ka jarumi a shirye da labari a shimfiɗe, kai dai ka bi. Kowane da daɗinsa, amma ba tafiyarsu ɗaya ba.

Asalin abin ba a kwamfuta yake ba. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasa na takarda da fensir da abokai ke zagaye tebur su yi. Mutum ɗaya ke ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi, idan aka zo abin da ake shakkar yiwuwarsa sai a jefa ɗan lido. Daga nan lissafin ya samo tushe: ƙarfi, basira, zafin nama, kwarjini, kowane da lambarsa. Masu kwamfuta suka ɗauki dokokin suka ɗora wa na'ura aikin mai ba da labari. Ultima da Wizardry sun fito a 1981, a 1985 kuma Richard Garriott ya zo da Ultima IV, wanda burinsa ba kashe wani babban mugu ba ne, sai dai jarumi ya cika halaye takwas na kirki, ciki har da gaskiya da tausayi da tawali'u. Tarihi ke nan. Ba zan ce wa sabon shiga ya fara da su ba, don yau sun yi tauri.

Zamanin da tsofaffin 'yan wasa ke wa kirari shi ne ƙarshen shekarun 1990. Bayan Fallout sai Baldur's Gate a 1998, daga BioWare, kamfanin da wasu likitoci suka kafa a Edmonton ta Kanada, sai na biyunsa a 2000. Tsakaninsu, a 1999, aka sami Planescape: Torment, inda kake farkawa a ɗakin ajiye gawa ba ka san sunanka ba, bayanka cike da rubutun da kai ka bar wa kanka a wata rayuwa da ta gabata. Har yau da wuya a yi zancen rubutu mai zurfi a wasan kwamfuta ba a ambace shi ba. Sai dai waɗannan ba su san lallashi ba. A Baldur's Gate na farko, matsafin da ya fara tafiya kerkeci ɗaya ya ishe shi, kuma lissafin sulke a juye yake, ƙaramar lamba ta fi babba kariya. Mutane da yawa a nan suke ajiye wasan su ce ba nasu ba ne, alhali ƙofar da suka shiga ce ba daidai ba.

To wace ƙofa ce daidai? Amsar da aka fi bayarwa ita ce Skyrim, na kamfanin Bethesda, 2011. Akwai dalili. Ba ya tambayarka lissafi: ka yi ta harbi da baka, ƙwarewarka a baka ta ƙaru, ka yi ta ƙira, ka zama maƙeri. Duk dutsen da ka hango daga nesa za ka iya zuwa gindinsa. Ni dai ina ganin faɗinsa ya fi zurfinsa. Za ka iya zama shugaban ƙungiyar ɓarayi da ta matsafa da ta mayaƙa duk a lokaci guda, babu wanda zai ɗaga gira. Wanda ke son yawo da kallo zai more, amma ba zai ɗanɗani abin da na faɗa a sama ba.

Wanda ya fi nuna abin a fili shi ne The Witcher 3, da CD Projekt Red na birnin Warsaw ya fitar a 2015, bisa littattafan marubucin Foland Andrzej Sapkowski. An sayar da fiye da kwafi miliyan 50. Kai ne Geralt, mafaraucin dodanni, kana neman Ciri, yarinyar da ka raina. Neman ya kai ka wurin wani basarake da ake wa laƙabi da Bloody Baron, wanda ya ce zai faɗa maka abin da ya sani idan ka nemo masa matarsa da 'yarsa da suka ɓace. Kana fara bincike a gidan sai ka ga alamun kokawa a ɗaki, giya ta zube a ƙasa, an janyo hoto an rufe wani rami a bango. A hankali gaskiya ta fito: mashayi ne mai dukan matarsa, guduwa suka yi. Wasan bai wanke shi ba, bai kuma bar ka ka tsane shi cikin sauƙi ba, don yana zaunar da kai ka ji ta bakinsa. Can gaba, a cikin fadama, wata ruhi da aka ɗaure a gindin bishiya za ta roƙe ka ka sake ta, ta yi alkawarin ceto wasu marayu. Ka sake ta ko ka kashe ta, akwai wanda zai biya, kuma ba za ka san ko wane ne ba sai bayan ka yi nisa, lokacin da komawa baya ya zama asarar sa'o'i. Da gangan aka jinkirta sakamakon.

Nan ne shawarata mafi muhimmanci take. Sabon shiga yakan ji tsoron yin kuskure, sai ya riƙa dakatar da wasa a kowace mararraba yana duba intanet don ya ga wane zaɓi ne ya fi. Wanda ya yi haka ya sayi wasa ya mayar da shi jarrabawar da ya saci amsarta. A zagayen farko, ka zaɓi abin da jarumin da ka ƙera zai zaɓa, ka zauna da abin da ya biyo baya. Mass Effect, jerin wasanni uku na BioWare daga 2007 zuwa 2012, a kan wannan aka gina shi: wasan na biyu yana karanta abin da ka adana a na farko, na uku ya karanta na biyu. A yaƙin ƙarshe na Mass Effect 2, abokin tafiyar da ka tura aikin da bai dace da shi ba zai iya mutuwa, kuma a wasa na uku ba za ka same shi ba. Wanda ya rasa wani a nan ya ci gaba ya fi wanda ya yi ta maimaitawa har kowa ya tsira samun labarin da zai ba wani. An haɗa ukun wuri ɗaya a 2021 da sunan Legendary Edition, kuma ga wanda ya saba da wasannin harbi, babu mashiga mai sauƙi kamarsa.

Disco Elysium ya kai wannan tunani maƙura. Wasu 'yan ƙasar Estoniya ƙarƙashin marubuci Robert Kurvitz suka fitar da shi a 2019. Ɗan sanda ne ya farka da mayen giya, bai san sunansa ba, ga gawa rataye a bishiya bayan masaukinsa tana jiran bincike. Babu yaƙi irin wanda aka sani. Ƙwarewa 24 gare shi, kowace murya ce a cikin kansa, suna gardama da juna, suna ba shi shawara, wani lokaci muguwar shawara. Idan ka ƙera shi da raunin jiki, ƙoƙarin ciro laktayensa daga fankar sili a minti biyar na farko zai iya kashe shi. Faɗuwa a wasan nan sau da yawa ta fi nasara daɗin karantawa. Amma karatu ne zalla, kalmomi sama da miliyan ɗaya, da Ingilishi mai nauyi da siyasa a ciki. Kada ya zama na farko, sai dai in kai mai cin littafi ne.

Baldur's Gate 3 kuwa, wanda Larian na birnin Ghent a Beljiyam ya kammala a watan Agustan 2023, ya kuma lashe kyautar gwarzon wasan shekara a The Game Awards, shi ne ya dawo da teburin 1974 kan allo, har ɗan lidon mai fuska 20 kana gani yana juyawa. Yaƙinsa bi-da-bi ne, babu gaggawa, kana da lokacin tunani. Kusan duk dabarar da ta zo maka a rai an tanade ta: ka tura maƙiyi daga kan tudu, ka tara gangunan mai ka cinna musu wuta, ka yi hira da kare. Masu fargabar ɓata jarumi tun farko su kwantar da hankali, akwai wani ƙwarangwal mai suna Withers a sansani da zai sake maka tsarin gaba ɗaya a kan zinare 100. Ka sa matakin wahala a mafi sauƙi ba tare da jin kunya ba, daga baya ka ɗaga.

Sai dai kafin sha'awa ta ɗebe ka, duba na'urarka. Baldur's Gate 3 yana neman wajen gigabayit 150 da katin sarrafa hoto mai ƙarfi. Duk mai sayen data da kuɗinsa ya san abin da wannan lamba take nufi. Fallout: New Vegas, na kamfanin Obsidian, 2010, kusan gigabayit 10 ne, tsohuwar laftof ma tana ɗaukarsa, kuma a wajen zaɓi da sakamako ba ya jin kunyar kowa. Ɓangarori suna rikici a kan madatsar ruwa ta Hoover, za ka iya bin kowanne, ko ka juya musu baya duka ka karɓe garin. Yana da saurin maƙalewa, don haka ka riƙa adanawa a kai a kai, a gurabe daban-daban, ba gurbi ɗaya ba. Inda ake ɗauke wuta ba sallama, wannan ɗabi'a wajibi ce a kowane wasa. In da za a tilasta mini in zaɓar wa mai ƙaramar kwamfuta guda ɗaya, shi zan zaɓa. Mai waya kaɗai ma bai rasa ba, don Knights of the Old Republic na 2003 da sababbin bugun Baldur's Gate na da duk suna kan Android.

Akwai maganar da masu tallar wasannin ba sa yi, mu kuwa dole mu yi. Yawancinsu na manya ne, da tambarin M ko 18 a jikinsu. Akwai tsiraici da mu'amalar maza da mata a The Witcher 3 da Baldur's Gate 3, akwai giya da ƙwaya a Disco Elysium, duniyoyinsu kuma cike suke da tsafi da allolin ƙage. Baldur's Gate 3 yana da maɓallin rufe tsiraici, amma bai rufe labarin ba. Babba ya san inda zai tsaya, sai dai uba ko yaya da zai miƙa wa yaro kwamfuta ya karanta tambarin tukuna. Wanda ba ya son tsafi ko kaɗan yana da Kingdom Come: Deliverance na 2018, daga birnin Prague, labarin ɗan maƙeri a Bohemiya ta shekarar 1403, wanda ko karatu bai iya ba sai ka kai shi ya koya. Shi ma na manya ne. Ta fuskar harshe, babu wanda aka fassara zuwa Hausa, amma galibinsu suna da Faransanci, The Witcher 3 har da rubutun Larabci.

Game da saye, kada ka yi rawar jiki a ranar da wasa ya fito. Cyberpunk 2077 ya fito a Disambar 2020 cike da matsaloli har Sony ya cire shi daga shagonsa na wani lokaci, sai bayan shekaru na gyara ya zama abin da ake yabo. Tsofaffin wasanni suna faɗuwa warwas a lokutan rangwame na shagon intanet na Steam, na tsakiyar shekara da na ƙarshenta. Shagon GOG, da aka buɗe a 2008, yana ba ka fayil ɗin girkawa ka ajiye, ba sai ka sake hawa intanet ba. Steam kuma yana mayar da kuɗi idan ba a wuce kwana 14 da saye ba, kuma ba ka yi wasan sama da awa biyu ba. Ka lura da awa biyun nan, don shafin ƙirƙirar jarumi na Baldur's Gate 3 kaɗai zai iya cinye su kana zaɓen gashi da launin ido. Ɗauki ɗaya daga cikin jaruman da aka riga aka shirya, ka shiga yaƙin farko da hirar farko, ka ga ko na'urar tana numfashi, sannan ka dawo ka ƙera naka.