Iskar da ke Kashe Wari, ke Cin Roba

Da zarar kaka ta kama a Amurka, maharba kan ɗare bishiyoyi da kwari da baka, suna dakon barewa mai farar wutsiya. Hancinta ne babban abokin gabarsu. Iska na kai mata warin gumin mutum, sai ta ranta a na kare. A nan kamfanoni irin su Scent Crusher da Ozonics suka samu kasuwa: a zuba tufafi da takalma a jaka, a zuge, a kunna ɗan inji mai fitar da iskar ozon, a ba shi kamar rabin awa.

Ozon oksijin ce mai ƙwayoyin zarra 3 maimakon 2. Christian Schönbein, masanin haɗa sinadarai, shi ya gano ta a Basel a 1839. Ƙwayar nan ta uku ba ta da zama wuri ɗaya. Duk abin da ta tarar sai ta manne masa ta wargaza shi, ko bakteriyar da ke ruɓar da gumi, ko sinadarin warin kansa. Aikin yana yi, wannan ba gardama.

Sai dai ba ta tantance abin da take ci. Robar da aka tatso daga itace tana da wasu mahaɗai masu rauni, kuma nan ozon ke sara. Idan robar a miƙe take, abin ya fi muni: ƙananan tsage-tsage kan fito a gicciye, su yi ta zurfi har ta tsinke. Masu ƙera taya sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke zuba sinadarin 6PPD a cikin robar don ya kare ta. Tazugen roba na wando da takalmin shiga ruwa su ke fara mutuwa. Silikon kuwa ko a jikinsa. Auduga takan jure, amma rini yana koɗewa, har masana'antun wandon jins da ozon suke koɗar da shi da gangan.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ɗamarar da ke riƙe maharbi a saman bishiya. Sa ta a jakar nan ganganci ne, domin ozon na iya raunana ta.

Huhu ma bai tsira ba. Hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ta ƙayyade musu ozon kashi 0.1 cikin miliyan a awa 8, jakar kuwa takan tara fiye da haka nesa ba kusa ba. A waje ya kamata a buɗe ta, a bar kayan su sha iska kafin a sa.