Sana'ar Yin Takarda a Wasannin Kwamfuta Masu Kwaikwayon Rayuwa: Tarihi da Matsalar Kalmomi

1.0 Gabatarwa

Akwai rukunin wasannin kwamfuta da ake ɗora wa ɗan wasa nauyin kafa gari, da noma, da sarrafa albarkatu, da ciniki. Wannan maƙala za ta dubi yadda aka shigar da sana'ar yin takarda cikin biyu daga cikinsu, sannan ta nuna abin da ke jiran mai fassara irin wannan wasa zuwa Hausa.

2.0 Asalin Sana'ar

A shekarar 105 Miladiyya ne Cai Lun ya gabatar wa fadar Sin takardar da aka yi da ɓawon itace da tsummoki da tsofaffin komar kamun kifi. Akan jiƙa kayan, a kirɓa su har su yi kamar kunu, a ɗebo da rariya, a matse, a shanya. Sana'ar ta isa Samarƙandu da Bagadaza a ƙarni na 8, ta ratsa Andalus, ta kai Fabriano ta ƙasar Italiya a ƙarni na 13. Ban da rubutu, Sinawa sun yi amfani da ita wajen ƙunshe kaya, kuma daular Song ta fitar da kuɗin takarda a ƙarni na 11.

3.0 Yadda Wasannin Suka Kawo Ta

A wasan Anno 1404, wanda ya fito a 2009, da itace ake yin takarda, a haɗa ta da shuni a buga littafi. Sai dai kuma a 1404 da tsumma Turawa ke yin takarda. Niƙa itace domin wannan aiki bai samu ba sai a shekarun 1840, injin ɗab'in Gutenberg kuwa sai wajen 1450. Shi kuwa Dwarf Fortress, da aka ƙara masa sana'ar a 2015, ya fi kusa da gaskiya: ana niƙa tsirrai a dutsen niƙa, a matse, a sami warƙa, a ɗinka littafi, a kai ɗakin karatu. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin abin da yaro ya maimaita sau ɗari da hannunsa ya fi zama a ransa bisa abin da ya karanta sau ɗaya.

4.0 Matsalar Kalmomi

Kafin zuwan Turawa ba a yin takarda a ƙasar Hausa. Fatake ne ke kawo ta ta hamada daga Tarabulus da Misira. Yawancin rubuce-rubucen ajami na ƙarni na 19 an yi su ne a kan takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku. Harshen kansa shaida ne. Kalmar “takarda” ta shigo ta bakin Buzaye, tushenta kuwa kalmar Girkanci da Latinanci ce. “Alƙalami” da “tawada” asalinsu Larabci ne. Saboda haka Hausa na da wadatar kalmomin amfani, irin su kundi da wasiƙa da laya da gafaka, amma ba ta da keɓaɓɓun kalmomin sarrafawa. Mafita ita ce a faɗaɗa ma'anar kalmomin da ke hannu, kamar kirɓi da rariya da shanya, maimakon aron da bai zama dole ba.

5.0 Kammalawa

An ga cewa shigar da takarda cikin wasa koyar da tarihi ne, ko an yi nufin haka ko ba a yi ba. Ya rage ga masana harshe su tanadi kalmomin tun kafin masu fassara su cike gurbin da abin da ya zo bakinsu, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.