Maganin ciwo bayan tiyatar hanji: abin da ake faɗa da abin da yake gaskiya

A ɗakin waɗanda aka yi wa tiyata, likita yakan zagayo sau ɗaya ko biyu a rana, amma masu ba da shawara ba sa yankewa: mai jinya, 'yan dubiya, har da maƙwabcin gado. Wanda aka yi wa aiki a hanji, ko don taifot ya huda shi, ko ya murɗe, ko ya toshe, ko ƙaba ta shaƙe shi, ko an yanke wani ɓangare saboda ciwon daji, zai ji maganganu iri-iri a kan maganin ciwo. Wani ya ce kada a yarda a sha, wani ya zaro nasa daga aljihu ya miƙa. Duka biyun suna iya jawo matsala. Ga maganganun da aka fi yawan ji, da matsayin kowace.

"A daure kawai, maganin ciwo yana hana ɗinki kamawa"

Wannan ba gaskiya ba ne. Mun taso muna ganin raki abin kunya ne, musamman ga namiji, shi ya sa za ka ga dattijo yana gumi, ya damƙe ƙarfen gado, nas ta tambaye shi ya ce "da sauƙi". Dauriyar nan tana da tsada. Mai yanka a ciki, idan ciwo ya yi masa yawa, ba ya iya jan dogon numfashi, yana tsoron tari, majina ta taru a huhu, daga nan sai ciwon nimoniya. Ba ya kuma iya tashi ya taka, jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa, gudan jinin kuwa yana iya tafiya huhu ya yi kisa.

Tun shekarun 1990 wani likitan tiyata ɗan ƙasar Denmak, Henrik Kehlet, ya nuna cewa wanda aka yi wa aikin hanji ya fi saurin murmurewa idan an sauƙaƙa masa ciwo, aka tashe shi da wuri, aka kuma fara ba shi abin sha da abinci ba tare da dogon jinkiri ba. A kan wannan tsari manyan asibitoci da yawa suke tafiya yau. Ba wai ana neman ciwo ya ɓace ɓat ba ne, a'a, ana so ya sauko yadda mutum zai iya tari, ya juya, ya taka zuwa bayi. Idan nas ta ce ka auna ciwonka daga 0 zuwa 10, faɗi gaskiya. In tari ya taso, ka rungume matashi a kan ɗinkin ka danna a hankali, sannan ka yi.

"Magunguna masu ƙarfi suna sa hanji ya tsaya"

Gaskiya ne. Mofin, fentazosin da aka fi sani da fenta, tiramadol da kodin duk dangi ɗaya ne, kuma suna rage motsin hanji. Dama hanjin da aka taɓa yakan yi luf bayan aiki: ƙaramin hanji yakan farfaɗo cikin kwana ɗaya, babban hanji kuma yakan kai kwana biyu zuwa uku. Abin da ya sa ke nan kowace safiya likita yake tambaya, "Ka fitar da iska?" Ba neman ba ka kunya yake yi ba, ita ce alamar hanji ya koma bakin aiki. Yawan waɗannan magunguna yana tsawaita jiran, ya kawo kumburin ciki, tashin zuciya da taurin bayan gida.

Sai dai wannan ba hujjar ƙin su ba ce. A kwanakin farko bayan babban yanka, sau da yawa ana bukatarsu. Dabarar likitoci ita ce haɗa magunguna masu aiki ta hanyoyi daban-daban, kamar farasitamol a kan lokaci da allurar da ke kashe wurin yankan, domin a rage adadin mai ƙarfin, a kuma janye shi da zarar an samu hali.

"Duk wanda aka yi wa fenta ko aka ba tiramadol zai zama ɗan ƙwaya"

An zuzuta, amma tsoron yana da tushe. Mun ga ɓarnar da waɗannan magunguna suka yi wa matasa, har gwamnatin Nijeriya ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018. Amma akwai tazara tsakanin mai shan tiramadol mai miligiram 225 na bayan fage don ya ji garau, da majinyacin da ake ba miligiram 50 ko 100 na 'yan kwanaki a ƙarƙashin kulawa. Ga na biyun haɗarin kamuwa kaɗan ne.

Haɗarin yana ƙaruwa ne da tsawon lokaci, kuma galibi bayan sallama yake farawa: maganin asibiti ya ƙare, a je kemis a ƙaro, ko a kira mai allura gida ya riƙa yin fenta kullum. Wanda ya daɗe a kan allurar fenta, naman wurin yakan ƙandare, ya yi gyambon da ba ya jin magani. Tiramadol kuwa idan ya yi yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma ko likita ba ya wuce miligiram 400 a rana ga babba. Haɗa su da giya ko maganin barci yana iya tsayar da numfashi. Kodin ba a ba yaron da bai kai shekara 12 ba. Wanda ya san dama yana shan ɗaya daga cikinsu, ya gaya wa likita kafin aiki, domin jikinsa ya saba, adadin da ake ba kowa ba zai yi masa ba.

"Dikulofenak da ibufurofen ba su da illa, ai ko'ina ana sayarwa"

Wannan ce maganar da ta fi haɗari. Magunguna ne masu kyau a wurinsu, har wasu likitocin kan yi amfani da su bayan tiyata idan sun auna sun ga ya dace. Amma suna iya cin bangon ciki su sa zubar jini, suna kuma taɓa ƙoda, musamman ga wanda ruwan jikinsa ya ragu saboda amai, zawo ko rashin ci, wato halin da mai aikin hanji yakan shiga.

Akwai kuma batun mahaɗa. Idan an yanke hanji aka haɗa bakin biyu, wurin haɗin yana bukatar kwanaki kafin ya kama, in ya yi yoyo ƙazanta ta zuba cikin ciki. Wani bincike da aka yi a Denmak, aka buga a 2012, ya gano yoyon ya fi yawa ga waɗanda aka ba dikulofenak bayan aikin babban hanji. Bincike-binciken da suka biyo baya ba su zo da sakamako iri ɗaya ba, shi ya sa likitoci suka bambanta a kai. Hukuncin na wanda ya yi ɗinkin ne, ba na mai kemis ba. Haka nan haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda na "ciwon jiki", da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, duk a ajiye su.

"Farasitamol wasan yara ne" da "farasitamol ko nawa ka sha ba komai"

Duka biyun kuskure ne. Idan ana shan sa a kan lokaci, ba sai ciwo ya taso ba, yana rage bukatar masu ƙarfi, kuma ba ya tsayar da hanji. Amma yana da iyaka: babban mutum ba ya wuce giram 4 cikin awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, da tazarar aƙalla awa 4 tsakanin sha da sha. Wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, ko mai ciwon hanta, nasa bai kai haka ba, kuma jinya kan ramar da mutum sosai. Wuce iyaka yana lalata hanta, alamun kuma ba sa bayyana nan take. A duba kwalin maganin mura, domin da yawansu akwai farasitamol a ciki.

"Allurar baya tana shanye ƙafafu"

Ba haka ba ne. A wasu asibitocin ana saka siririn bututu a gadon baya, ana tura maganin da ke kashe ciwon yankan na kwana biyu ko uku. Ƙafa tana iya yin nauyi, jini ya ɗan sauka, wasu su yi ciwon kai, amma waɗannan suna wucewa. Lahani na dindindin ba kasafai ake samu ba. Duk da haka, idan nauyin ƙafar yana ƙaruwa maimakon raguwa, a gaya wa nas nan take.

"Ciwo bayan aiki dole ne, in ya ƙaru a ƙara magani"

Rabin farko gaskiya ne, rabin ƙarshe yana kisa. Ciwon yanka raguwa yake yi kullum. Ciwon da ya lafa sannan ya dawo da ƙarfi, musamman a cikin makon farko, tare da zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, kumburin ciki, koren amai, daina fitar iska ko ruwa mai wari daga ɗinki, yana iya zama alamar mahaɗa ta buɗe ko ciki ya yi mugunya. Danne shi da ƙwaya ɓata lokaci ne, a koma asibiti ko da tsakar dare. Haka nan majinyacin da barci ya yi masa nauyi har tashinsa yake wuya, numfashinsa ya yi jinkiri, magani ne ya yi masa yawa.

Wanda aka fitar wa hanji ta gefen ciki aka manna masa jaka, idan ya ga ƙwaya ta fito yadda ya haɗiye ta, ya sanar da likita a sauya masa wani nau'i. Wanda kuma aka yi wa aiki kusa da dubura, kada ya cusa maganin matsi sai da izini.

Jama'a, ranar sallama kada ɗokin komawa gida ya hana ku tambaya. Majinyaci da mai jinya su tsaya a rubuta musu sunan kowane magani, adadinsa, lokacin shan sa, ranar da za a daina, da waɗanda aka hana. Duk abin da ba ya cikin takardar nan, a tambayi likita kafin a kai shi baki.